Kun sayi kati, jikin yaron fa? Zare ga masu kwashe iyali zuwa ƙasar waje

1/ Jama'a yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon zaren nan. Magana ce kan masu kwashe iyali zuwa ƙasar waje, da yadda muka mayar da allurar rigakafi abin wasa. In da mai shirin tafiya a gidanku, tura masa. In kai ne, gyara zama. 🧵

2/ Watan jiya yayata ta tashi da yara uku zuwa Ingila wurin mijinta da ke digiri na uku. Ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu, tunda a gidanmu ɗan jami'a shi ne ɗan aike. Wata huɗu ana shiri. Kuka, daddawa, yaji, turaren wuta, atamfofi, ba abin da aka manta.

3/ Saura kwana 12 na ce, "Yaya, ina katin rigakafin yaran?" Ta kalle ni kamar na tambaye ta rasit ɗin kayan ɗakinta. Ta ce, "Kai dai ka cika neman aiki. Wa zai tambaye shi a can?" Aka hau bincike. Na babbar yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Na tsakiyan gara ta cinye rabi.

4/ A rabin da ya tsira muka ga an yi masa allurar wata 9, amma gurbin ta wata 15 fayau, ba komai. Yaro ɗan shekara 4 da allurar ƙyanda guda ɗaya tal. Kuma ba wai an ƙi ba ne fa. Ranar ta faɗo kan wani biki, aka ce sai wani satin, shi ke nan aka manta.

5/ Sannan ga ejan da ke mana tikiti. Jirginsu zai yada zango a ƙasar da ke neman katin shawara, wanda muke cewa yalo kat. Ya ce min, "Alhaji ƙarami, kar ka wahalar da Hajiya. Kawo kuɗi da hoton fasfo, gobe ka karɓi kati huɗu da hatiminsu."

6/ Na ce to allurar fa? Ya yi dariya. Wai, "Allura kuma? Ai takarda ake dubawa a boda, ba dantse ba." Wallahi wannan maganar ce ta hana ni barci. Domin ba shi kaɗai ba ne. Haka yawancinmu ke kallon abin: wata takarda ce da Bature ke so, a ba shi a wuce.

7/ To bari mu fara da shawarar. Ba wadda kaka ke cewa a sha rake ba ce. Zazzaɓin shawara ƙwayar cuta ce da wani sauro mai cizo da rana ke yaɗawa. Babu maganin da ke kashe ta kai tsaye. Da yawa suna warkewa, amma wasu sukan shiga mataki na biyu bayan kamar sun samu sauƙi.

8/ A nan ido ke yin ɗorawa, jini ya riƙa fita ta baki da hanci, hanta da ƙoda su tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin waɗanda suka kai wannan matakin suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan ce cutar da ejan ya ce a yi mata dabara da hatimi.

9/ Kuma ba labarin zamanin kakanni ba ne. Ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga jihar Kwara. A 2019 ta yi ɓarna a Alkaleri ta jihar Bauchi, yankin Yankari. Muna zaune da ita. Ko ba ka da niyyar zuwa ko'ina, jikinka na buƙatar wannan allurar.

10/ Abin dariyar ma, allura ɗaya ce rak. Tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce katin yana aiki har ƙarshen rayuwa, ba sabuntawa. Yana fara aiki kwana 10 bayan allurar. Wato mutum ya biya kuɗin jabu don gudun tsirar minti ɗaya da za ta tsare shi har ya tsufa. Ina wayon yake?

11/ Me ya sa ƙasashe irin su Indiya da Masar ke matsawa kan katin? Saboda mai ɗauke da cutar kan iya sauka inda akwai irin sauron, mutanen wurin kuma ba su da kariya. A 2016 da ta ɓarke a Angola, ma'aikata 11 sun koma Sin da ita. Indiya na iya killace marar kati har kwana 6.

12/ Masu cewa ba a kamawa, ku tambayi yayyenku. A Maris 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi kan zargin katinsu na jabu ne. Har rikicin diflomasiyya aka yi, daga baya ta nemi afuwa. Amma tambon ya zauna, mai katin gaskiya ma ana masa kallon tuhuma.

13/ Shi ya sa daga baya aka fito da sabon kati mai lamba da ake dubawa a kwamfuta, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga da fita ke bayarwa. Ka je da ƙafarka, a yi maka, a rubuta. Yaron da aka yi wa tun yana wata 9, ka tafi da katinsa na asibiti ya zama shaida.

14/ Akwai waɗanda allurar shawara ba ta dace da su ba ko sai likita ya auna: jariri ƙasa da wata 9, mai ciki, mai raunin garkuwar jiki, wanda ƙwai ke tayar wa da mummunan borin jini, da wanda ya haura shekara 60. Su likita ke rubuta wa takardar uzuri. Hanyar halal tana nan, mu ne ba ma bi.

15/ Ƙarya ta biyu, daga bakin gwaggonmu na ji ta: "Ai can babu cuta, ko ƙuda babu." Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma ba haka ba ne. Tituna masu tsabta ba sa hana ƙyanda. Ita ta iska take bi, ba ruwanta da kwata.

16/ A 2024 yankin Turai ya samu masu ƙyanda sama da 127,000, adadin da ba a gani ba tun 1997. A Janairun 2024 hukumar lafiyar Birtaniya ta ayyana ta a matsayin matsalar ƙasa, bayan ta ɓarke a Birmingham da kewaye. Garin da mutanenmu ke cika kenan.

17/ A 2025 ƙyanda ta kashe yara biyu a Texas ta Amurka, dukkansu ba a yi musu allura ba. Shekarar ce mafi muni gare su tun 1992. A Nuwamban 2025 Kanada ta rasa matsayinta na ƙasar da ta kawar da ƙyanda. Ga ƙasashen da muke cewa "babu cuta" nan.

18/ Ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. In mutum 10 marasa kariya suka kusanci mai ita, har 9 na iya kamuwa. Yanzu ka tuna hanyar yaronka: layin filin jirgi, awanni cikin jirgi, zango, sabuwar makaranta, ɗaki a rufe saboda sanyi.

19/ Tarin shiƙa ma ya dawo musu. A Ingila a 2024 dubbai suka kamu, jarirai aƙalla 10 suka rasu. Shi ya sa a can ake yi wa mai ciki allurarsa, don jariri ya fito da kariya kafin ya isa a yi masa tasa. Amaryar da za ta bi miji da ƙaramin ciki, ki riƙe wannan.

20/ Akwai wani labari da ya kamata kowane mai ƙaura ya sani. Jihar Minnesota a Amurka cike take da 'yan Somaliya, Musulmi 'yan Afirka irinmu. A 2004 kashi 92 cikin 100 na yaransu an yi musu allurar ƙyanda, hangum da rubela, wadda ake kira MMR.

21/ Sai masu yaƙi da rigakafi suka shiga cikinsu, suna cewa allurar ce ke jawo otizim, larurar nan da yaro ke jinkirin magana da mu'amala. Har Andrew Wakefield ya je ya gana da iyaye, mutumin da aka janye bincikensa na 1998 aka kuma ƙwace lasisinsa na likita a 2010.

22/ Kafin 2014 adadin ya faɗo zuwa kashi 42. A 2017 ƙyanda ta shigo, sama da mutum 70 suka kamu, akasarinsu ƙananan yaran 'yan Somaliya marasa allura. Waɗanda suka zuga su suna gidajensu lafiya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

23/ Na kawo wannan ne don ku sani, in kun sauka za ku tarar da masu irin wannan wa'azin, cikin Turanci mai daɗi da bidiyo mai kyau. Baƙo shi suka fi samu, saboda yana cikin kaɗaici kuma bai yarda da hukuma ba. Jita-jita ba ta zama gaskiya don ta sa kwat.

24/ Ƙarya ta uku ta fi wuyar ganewa, don masu kula ne ke faɗinta: "Mu mun kammala duk allurai a gida." Madalla, Allah ya yi albarka. Amma jadawalin Najeriya daban, na ƙasar da za ku daban. Kowace ƙasa tana tsara nata ne bisa cututtukan da ke damunta.

25/ Namu a taƙaice: ranar haihuwa BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. Sati 6, 10 da 14 akwai mai haɗe da cuta biyar, da ta nimoniya, da ta gudawar yara, da shan inna. Wata 9 ƙyanda, shawara da sanƙarau. Wata 15 ƙyanda ta biyu. Duk kyauta a asibitin gwamnati.

26/ Jadawali ne mai kyau, kar wani ya raina shi. Amma babu hangum a ciki, babu ƙarambau, rubela kuma sai a 2025 aka fara haɗa ta da ta ƙyanda. Ingila, Amurka da Kanada MMR suke yi, sau biyu. Don haka yaron da ya kammala a nan zai iya zuwa can a ce da saura.

27/ Ga wanda ke ba iyaye mamaki: a Ingila da Amurka, allurar ƙyanda da aka yi kafin yaro ya cika shekara ɗaya ba a lissafa ta cikin biyun. Mu muna yi a wata 9 saboda tana kama jariranmu da wuri. Su sai an cika wata 12 suke fara ƙirga. In nas ta ce a ƙara, ba raini ba ne.

28/ Yanzu dokoki. Faransa: duk yaron da aka haifa daga 1 ga Janairu 2018, allurai aƙalla 11 aka wajabta masa kafin a karɓe shi a gidan raino ko makaranta. 'Yan'uwanmu na Nijar masu nufar can, karnen rigakafin yaro ya zama yana jaka ɗaya da fasfo.

29/ Jamus: tun Maris 2020 sai da shaidar kariya daga ƙyanda yaro ke shiga gidan raino, a makaranta ma ana nema, kuma tara na iya kai Yuro 2,500. A Ontario ta Kanada ana iya dakatar da ɗalibi daga makaranta in bayanan allurarsa ba su cika ba.

30/ Amurka: mai neman bizar zama sai likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ya duba allurarsa, kuma rubutacciyar shaida yake karɓa. "Wallahi an yi masa" ba ta shiga fom. Makarantu ma na tambaya, kowace jiha da dokarta. New York ta soke uzurin addini tun 2019.

31/ Ingila ba ta tilasta rigakafi. Abin da take nema daga ɗan Najeriya mai zaman sama da wata 6 shi ne gwajin tarin fuka a asibitin da ta amince da shi. Gwaji ne, ba allura ba. Mutane da yawa na fitowa daga gwajin su ɗauka sun gama da batun lafiya. Ko farawa ba a yi ba.

32/ Kuma ƙa'idarsu a can: in babu kati babu tabbas, ana ɗaukar yaro kamar ba a taɓa yi masa ba, a tsara masa daga tushe. Wato sakacin da ka yi da takarda, cinyar yaronka ce za ta biya. Katin da gara ke ci a ƙarƙashin gado yana rage masa kuka.

33/ Wani abu kan BCG, mai barin tambo a dantse. In an yi maka gwajin tarin fuka na fata a waje, tana iya sa sakamako ya nuna kamar kana da shi. Ka faɗa musu an yi maka BCG. Akwai gwajin jini da ita ba ta ruɗa shi. Sanin wannan kaɗai zai rage maka tashin hankali.

34/ Sai mu manya, da muke ganin allura ta yara ce. 'Yan ajinmu, ku ji. Allurar ciwon hanta nau'in B sai a 2004 ta shiga jadawalin yaran Najeriya. Allurar ƙyanda ta biyu kuwa kwanan nan aka fara ta, mun riga mun girma. Yawancinmu guda ɗaya muka samu, in ma mun samu.

35/ Mai tafiya karatu zai zauna a hostel da mutane daga ƙasashe barkatai, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Wurin da sanƙarau da hangum ke so kenan. A Ingila sabon ɗalibin jami'a da bai kai shekara 25 ba ana ba shi allurar sanƙarau ta ACWY kyauta. Ka yi rajista da likitan unguwa ka tambaya.

36/ Masu nufin aikin jinya ko kula da tsofaffi, za a tambaye ku shaidar ta ciwon hanta da MMR. Ta hanta yadda aka saba sau uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na 6. Ka yi gwaji tukuna, don wannan ciwon yana da yawa a cikinmu kuma yana zama shiru shekaru.

37/ 'Yan'uwa mata: rubela ga babba ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje, amma in ta kama mai sabon ciki tana iya sa a haifi jariri kurma, ko da matsalar ido da zuciya. Ba a yin MMR da ciki, kuma ana so a jira wata ɗaya bayanta kafin ɗaukar ciki. Lokacin haɗa lefe ne lokacin yinta.

38/ In akwai mai sikila a gidan, nasa lissafin daban ne. Saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, don haka nimoniya da sanƙarau sun fi yi masa illa, kuma akwai ƙarin allurai da ake masa. A karɓo masa cikakken rahoto daga likitansa, a kai shi asibiti a makon farko da sauka.

39/ Duk wannan yana cin lokaci. Ta shawara sai ta kwana 10. Allurai masu rayayyiyar ƙwaya da aka raunana, irin su MMR, ƙarambau da shawara, ko a yi su rana ɗaya ko a bar kwana 28 tsakani, yadda likita ya tsara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati 6 zuwa 8 kafin tashi, ka je asibiti.

40/ Labari mai daɗi: in yaro ya tsallake wata, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko an yi shekara biyu. Don haka uwar da ke jin kunyar komawa kar nas ta yi mata faɗa, ki daure ki je. Faɗan minti biyar ne, ya wuce.

41/ Na san wasu sun fara rubuta min "Pfizer fa?" To mu yi maganar, ba gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano. Yara kusan 200 ke cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan Dala miliyan 75.

42/ Wannan ya faru, kuma duk wanda ya ce tsoron iyayenmu jahilci ne zalla bai yi musu adalci ba. Amma Trovan maganin warkarwa ne da ake gwadawa, ba allurar rigakafi ba ne. Annobar da ta buɗe ƙofar gwajin ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Rigakafi ne ke hana irinta.

43/ Mun kuma ga abin da ƙauracewa ta haifar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo ba sai Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Indunusiya. Bayan haka Saudiyya ta riƙa ɗiga wa alhazanmu maganin a filin jirgi, dattawa da furfurarsu.

44/ Ga inda abin ke ba ni haushi. Mutumin da ke korar masu rigakafi daga ƙofar gidansa, in kujerar Hajji ta fito shi ne a gaban layi da hannun riga a naɗe. Saudiyya na neman allurar sanƙarau ta ACWY aƙalla kwana 10 kafin isa, tun bayan ɓarkewar da aka yi a Hajjin 2000 da 2001.

45/ In allurar makirci ce, me ya sa ta zama halal ranar da biza ta dogara da ita? In kuma lafiya ce, me ya sa ka yi wa kanka ka hana ɗanka? Ɗaya za ka zaɓa, Alhaji. Yaron da aka hana ba shi ya yanke hukuncin ba, amma shi ne zai kwanta a gadon asibiti.

46/ Kuma sakamakon yana gabanmu. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ke ɗibar yara, Kano ce ta fi shan wahala, akasarinsu ba su kammala allura ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yaran da ko allura ɗaya ba su samu ba, sama da miliyan 2. Mu ma muna iya kai wa wasu cuta, ba karɓa kawai ba.

47/ Tambayar da ta cancanci amsa: sinadarin gelatin na alade. Gaskiya ne yana cikin wasu, kamar wani nau'in MMR da maganin mura na fesawa a hanci da ake yi wa yara a Ingila. Amma akwai MMR marar shi, sunanta Priorix, akwai kuma ta mura ta allura. Ka nema, za a ba ka.

48/ Sannan tun 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya yi fatawar cewa gelatin da ya rikiɗe ya sauya asali ya halatta. Wasu malaman ba su gamsu ba, wannan fagensu ne. Abin da nake cewa shi ne akwai zaɓi. Ka tambayi malaminka, ka tambayi likita, kar ka tsaya kan saƙon murya na WhatsApp.

49/ Haka in yarinya ko yaro ya dawo daga makaranta da fom na allurar HPV, a karanta kafin a yaga. Tana kare sankarar bakin mahaifa ne. Najeriya ma ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun Oktoban 2023. Ba wani abu ne da aka ƙirƙiro don 'ya'yan baƙi ba.

50/ Abu na ƙarshe da ake mantawa: dawowa gida hutu. Ɗan jurewar da jikinka ya yi da maleriya yana gushewa in ka daɗe a waje. Yaron da aka haifa a can ba shi da shi sam. Masu zuwa ganin gida a Afirka ta Yamma su ne suka fi komawa Ingila da maleriya. "Ai ni ɗan ƙasa ne" ba ta hana sauro.

51/ Kafin ku zo sallah ko biki: maganin kariya daga maleriya da likita zai rubuta, gidan sauro, allurar shawara ga wanda bai yi ba, ta taifod da ta ciwon hanta nau'in A. Allurar maleriya da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 ta ƙananan yara mazauna nan ce, ba ta matafiya ba.

52/ To a taƙaice, ranar da aka fara maganar biza:
• nemo katin kowa, yara da manya
• ɗauki hotonsa gaba da baya, tura wa kanka ta imel
• in ya ɓata, koma asibitin da aka yi, a duba rajista
• buɗe shafin ma'aikatar lafiyar ƙasar da za ku, ka kwatanta
• kai wa likita ya tsara abin da ya rage

53/ • duk allurar da aka yi, a rubuta suna, rana, lambar kwalba da hatimi
• kati ya zauna a jakar hannu, kar a jefa shi akwatin kaya
• da kun sauka, yi rajista da asibiti tun kafin wani ya kwanta
• kar ka biya kowa ya rubuta abin da ba a yi ba
Ni ɗalibi ne ba likita ba, hukuncin jikin kowa na likitansa ne.

54/ Yadda tamu ta ƙare: washegari na kwashe su zuwa asibiti. Yaya tana ta mita a hanya, wai na mayar da ita yarinya. Aka yi mata ta shawara saura kwana 11, da kyar katin ya fara aiki kafin tashi. Na tsakiyan ya karɓi ƙyandarsa ta biyu, ya yi kuka, na saya masa yogot, aka shirya.

55/ Da suka isa, nas ta zauna da katunan, har da rabin da gara ta bari, ta tsara wa kowane yaro abin da ya rage. Yaya ta turo min saƙo: "Ƙanena, ashe kana da amfani." Na ajiye shi, don ba kullum ake samun irinsa daga bakinta ba 😅

56/ Ejan kuma har yau yana nan, kasuwarsa na ci, don mu ne masu saye. Ranar da muka daina kai masa hoton fasfo, hatiminsa zai bushe. Mai sayen katin jabu ya yi wa hukuma ƙarya, ya yi wa ƙasar da ta karɓe shi ƙarya, sannan ya bar ɗansa a buɗe da takarda mai cewa an rufe shi.

57/ Aikin gida kafin ku kwanta: ku tambayi Umma ina katinku yake. Ku ɗaga katifa, ku buɗe kwalla. Wanda ya samo nasa ya zo ya faɗa mana abin da ya gani. Wanda kuma ke ganin na yi kuskure, bismillah, ga fili, amma ka zo da hujja. Allah ya tsare mana yaranmu a gida da waje. Amin.